Jirgin da Mijinyawa Ya Tayar

Duk wanda ya je sayayya Dubai a shekarun dubu biyu da 'yan kai, in dai ya tsallake ruwan nan da ya raba Deira da Bur Dubai, da wuya a ce bai hau jirgin Mijinyawa ba. Ni kam na hau har ban san iyaka ba. Sunana Wasila, 'yar Fagge ce ni, tuwo da miyar kuka nake yi a wani flat a Al Sabkha. Kullum da hantsi nakan ɗauki kuloli in tsallaka in kai wa mutanenmu masu saro yadi a wancan hayin. Abin nan a gabana aka yi shi, har da bakina a ciki, shi ya sa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Abra suke ce wa jiragen fiton. Na katako ne, da 'yar rumfa a sama, mutum ashirin suke ɗauka, a zauna ana ba juna baya a kan dakali ɗaya, direba yana tsakiya a wani ɗan rami shi da injinsa. Direbobin duk 'yan Bangaladash ne da Indiyawa da 'yan Iran. Baƙar fata ɗaya ne tak a cikinsu, Mijinyawa ke nan, shi ya sa suke kiransa Afirka. Mu kuwa Mai Jirgi muke ce masa.

Mutumin Gaya ne, can Nijar, a bakin Kwara. Dogo ne, siriri, magana sai ka ja ta da ƙyar. Ubansa fito yake yi, kakansa ma haka. Ya yi lakkwal, wato bokon can, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, amma da ya zo Dubai ba wanda ya tambaye shi Faransanci. Dako ya samu a bakin ruwan Deira, inda manyan jiragen katako ke lodin firij da tayoyi da buhunan shinkafa. Shekara guda yana ɗaukar kaya a ka yana kallon jirage kamar mai azumi a gaban mai ƙosai.

A hanyarsa ta komawa masauki akwai wani fili inda ake gyaran jirage. A can ƙarshensa akwai wata tsohuwar abra a kife a kan yashi, katakonta ya tsage, kyanwoyi suna haihuwa a ƙarƙashinta. Kowa wucewa yake yi. Shi kuwa ya kasa. Kullum sai ya tsaya, ya ƙwanƙwasa nan, ya kara kunne can. Rannan wani tsoho Balarabe da ke zaune a inuwa yana shan gahawa ya kira shi ya ce me yake nema a jikin mataccen jirgi.

Da ɗan Larabcinsa na bakin ruwa ya ce, "Baba, bai mutu ba. Bushewa ya yi."

Ashe tsohon shi ne mai jirgin. Sunansa Khalfan. Tun zamanin da babu inji, da filafili ya riƙa fito a wannan ruwan, har ƙarfinsa ya ƙare. 'Ya'yansa duk sun yi boko sun shige ofis, babu mai son ƙamshin gas a rigarsa. Tsoho ya yi dariya ya ce in zai iya tayar da shi, ga shi nan.

Wata takwas Mijinyawa bai san hutun Juma'a ba. Ya cire ruɓaɓɓun katakai ya sa sababbi. Ya bi kowace tsaga yana cusa auduga da wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki, yana bugawa a hankali da guduma. A nan na san shi, don ni ya zo wa yana tambaya ko zan samo masa man kaɗanya daga wajen 'yan Kano masu zuwa saro. Na ce, "Kai kuma duk man da ke garin nan, sai na kaɗanya? Kaushi ne ya dame ka?" Ya ce jirgi zai shafa wa. Na ce lalle wannan da sauransa. Amma na samo masa, bokiti guda, aka sha faɗa da 'yan kwastan a kansa.

Ran da aka tura jirgin cikin ruwa, ya sha ya sha har kwana uku, katako ya kumbura ya matse audugar, daga nan ko ɗigo bai ƙara shiga ba. Baba Khalfan ya mayar da bizar Mijinyawa ƙarƙashinsa, ya yi masa hanyar lasisi, ya sa masa tsohon injinsa da aka gyara. Wannan a shekarar dubu biyu da ɗaya ke nan.

Kada wani ya ce maka aikin abra hutu ne don ana zaune. Tun bayan asuba suke layi a tasha, jirgi bayan jirgi, kowa na jiran ya cika mutum ashirin. Da zafi ya shigo, ƙarfen inji ba ya taɓuwa, gishiri ya bushe maka a fuska, hayaƙin gas ya zauna maka a maƙogwaro. Babban jirgi in ya wuce sai ya watso maka igiyar ruwa ta haɗa ka da na kusa da kai, a yi ta zage-zage cikin harshe huɗu. Ga masu duba ƙa'ida, yau su ce taya ɗaya ta gefen jirgi ta tsufa, gobe su ce rigunan ruwa ba su cika ba. Ga fasinja mai tsalle tun jirgi bai tsaya ba. Sannan ruwan kansa mugu ne. Akwai wata tsutsa da ke cin katako daga ciki, da wasu 'yan katantanwa da ke manne wa gindin jirgi su hana shi gudu.

Sauran direbobin ba ruwansu. Jirgin arbab ne, wato ubangida, in ya yi yoyo su kwashe ruwan da gwangwani su ci gaba. Mijinyawa kuwa duk wata shida sai ya fitar da nasa tudu, ya kankare, ya sake auduga, ya shafa farar ƙasa da mai a gindi, man kaɗanya a sama. Ba ya yarda a hau masa da sigari. In ka tofar da yawu a ciki, har ku isa hayi ba zai ɗauke ido daga kanka ba. Katakon jirgin nan ya koma ja wur yana sheƙi, ko daga nesa ka hango shi a cikin layi ka san shi ne.

Wata Alhamis a shekarar dubu biyu da uku, na dawo da kuloli babu komai, na tarar Baba Khalfan ya zo tasha da sandarsa. Akwai Ɗalhatu a wurin, wani ɗan Maraɗi mai harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, Larabcinsa ya nuna sosai. Tsoho ya ce Ɗalhatu ya fassara, don yana so a ji shi da kyau. Ya ce lambar jirgi doka ba ta yarda ta fita da sunan baƙo ba, wannan ba yadda zai yi. Amma jirgin kansa, katakon da injin, ya ba Mijinyawa halak malak, ya tuƙa shi iya ransa, kada kowa ya raba shi da shi.

Ban taɓa ganin Mijinyawa ya rasa inda zai sa hannunsa ba sai ran nan. Can ya roƙi tsoho alfarma ɗaya, a yi abin yadda ake yi a gidansu. A gidansu in dattijo zai ba ka jirgi, yakan jiƙa hannunsa da ruwan kogin ya ɗora a goshin jirgin, kai ma ka ɗora naka a kai, a shafa Fatiha a gaban mutum biyu. Haka kakansa ya ba ubansa. Tsoho ya ji daɗin abin ƙwarai. Ya duƙa da ƙyar ya jiƙa hannu, suka ɗora, ni da Ɗalhatu muka ɗaga hannu aka shafa.

Sai tsoho ya goge hannunsa a riga ya ce, "Yalla, ya waladi. Ranar Asabar mu je wajen mai buga takardu a rubuta, in sa hannu."

Mijinyawa ya sunkuyar da kai ya ce, "La, Baba. Khalas. An gama."

Tsoho ya ce takarda ba ta cizo. Mijinyawa ya dafe ƙirji ya ce Fatihar Baba ta ishe shi duniya da lahira. Idon tsoho ya ciko, ya rungume shi, aka kai shi mota.

Motar na juyawa na hau shi. Na ce, "Mai Jirgi, kanka ɗaya kuwa? Mutum da bakinsa ya ce a je a rubuta, kai ka ce a'a?"

Ya ce, "Hajiya, ba za ki gane ba. A wajenmu in ka nemi papiye, takarda ke nan, bayan an shafa Fatiha, ka ce wa dattijo maƙaryaci ke nan."

Na ce, "Kai ka nema? Shi fa ya ce!"

Ya ce, "Gwada ni yake yi."

Gwada shi! Wallahi saura kaɗan in ƙwala masa kula a ka. Na ce nan ba Gaya ba ce, garin da ko kaza za ka yanka sai an buga mata hatimi. Na ce tsohon nan ƙafarsa ɗaya tana kabari, Allah ya yafe mini, kuma 'ya'yansa ba su san goshin jirgi daga gindinsa ba. Ɗalhatu ma ya sa baki. Mijinyawa ya yi murmushi ya tada inji, ya ce in zauna da kyau kada zanena ya sha ruwa.

Sau biyu tsoho ya sake tayar da maganar a shekarun da suka biyo, sau biyu Mijinyawa ya dafe ƙirji. Daga nan tsoho ya bari. Ni ce ban bari ba. Duk ran da na hau sai na ce, "Ina takarda?" shi kuma ya ce, "Ina man kaɗanya?" Har abin ya zame mana gaisuwa.

Shekarun nan su ne na jin daɗinsa, wannan ba zan hana shi ba. Ya ɗauki hoto a tsaye a goshin jirgin ya aika wa matarsa Mero a Gaya. Hoton ya zaga gari. Ubansa da idonsa ya fara mutuwa ya sa a riƙa kwatanta masa jirgin, ya ce wa duk wanda ya shigo gaishe shi, ɗansa yana da jirgi a teku. Da wannan maganar a bakinsa ya rasu. Tun daga nan duk Babbar Salla sai Mijinyawa ya aika sabon hoto, Mero ta liƙa a bango.

Baba Khalfan ya rasu a ƙarshen dubu biyu da bakwai. Mijinyawa ya ɗaure jirgi kwana uku bai yi fito ba, yana zaman makoki a ƙofar gidan tare da direbobin gidan da masu shara.

Bayan wata biyu, da hantsi, ina zaune a jirgin muna jiran ya cika, sai ga babban ɗan marigayin da farar kandura, doguwar rigar nan tasu ta Larabawa, tare da wani Bature mai kwat da kyamara. Suka bi layin jirage ɗaya bayan ɗaya. Baturen yana yatsina fuska, wannan fenti ya ɓare, wancan yana wari. Da ya zo kan namu sai ya tsaya cak. Ya shafa katakon, ya shinshina hannunsa, ya shiga ɗaukar hoto.

Ka ga Mijinyawa! Da ya ji Baturen yana Faransanci sai bakinsa ya buɗe, shekara takwas bai samu mai yi masa ba. Ya nuna masa kowace tsaga, ya gaya masa yadda ya tsince shi a yashi, ya ɗaga katakon ƙasa ya nuna masa cikin a bushe ƙayau. Har ya roƙe mu gafara muka sauka, ya zaga da su ruwan kyauta. Ni ina tsaye a tasha da kulolina ina kallonsu.

Da yamma ɗan marigayin ya kira Mijinyawa. Baturen ma'aikacin wani sabon otal ne da ake ginawa can wajen gari, suna neman abra ta asali su ajiye a ƙofa don ado. Sun ga jirage fiye da talatin, wannan kaɗai suke so. Magada sun yarda. Lambar za a mayar da ita kan wani sabon jirgi, in Mijinyawa yana so ya ci gaba da tuƙi, bismilla.

Washegari mu uku muka je gidan marigayin. Ɗalhatu ya rufe ofishinsa ya zo, Allah ya saka masa. Ya ba da shaida tiryan-tiryan, ni ma na ba da tawa. Ɗan marigayin ya saurare mu har ƙarshe, ya sa aka kawo mana shayi da dabino. Da ma ya yi mana wulaƙanci, da na samu inda zan sauke abin da ke cina. Amma a hankali ya yi magana.

Ya ce, "Ban ce ƙarya kuke ba. Wannan irin halin babana ne. Amma mu tara ne magada, har da marayun ƙanena, ba ni kaɗai nake da magana ba. Ya rubuta wani abu? Ko layi ɗaya ne, wallahi zan tsaya a kai."

Ɗalhatu ya fassara, ko da yake Mijinyawa ya riga ya ji. Shekara huɗu ina tanadin kalma uku a bakina don wannan ranar, in ce wa Mijinyawa na gaya maka. Da na kalli yadda ya ƙura wa kofin shayin ido, sai na haɗiye su.

Shi da kansa ya tuƙa jirgin zuwa inda motar ɗaga kaya take jira. Shi ya nuna wa ma'aikatan inda za su sa igiya don kada katakon ya tsage. Ya yi sati biyu a sabon jirgin, ya ce ba ya jin maganarsa, ya ajiye makulli. Ɗalhatu ya sama masa aikin ɗaure kwalaye a wani sito a Al Warsan, inda ruwan da za ka gani sai na famfo. Ni kuma na koma hawa jirgin duk wanda na samu, ana busa mini sigari a fuska.

Ban ƙara ganinsa ba sai ana saura sati biyu Babbar Salla. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ya rame, amma ya sa shaddarsa mai ruwan bula, wadda yake sawa in zai ɗauki hoto. Ya ce, "Hajiya, don Allah raka ni in gan shi."

Muka ɗauki tasi. A hanya na kasa daurewa. Na ce, "Mai Jirgi, tsakaninka da Allah, da tsohon nan zai dawo ya ce mu je a rubuta, za ka je?"

Ya juya ya kalli taga. Ya ce, "Baba bai yi mini ƙarya ba, Hajiya. Ni ma ban ce masa maƙaryaci ba."

Na ce, "To ka dafa wannan ka ci." Daga nan ban ƙara magana ba, don in na ƙara, direban tasi zai ji abin da bai kamata ba.

Jirgin yana tsakiyar shataletalen ƙofar otal, a kan wasu duwatsun siminti. Sun cire rumfar da injin. Sun cika cikinsa da baƙar ƙasa har baki, sun shuka furanni ja da fari, wani ɗan bututu yana juyawa yana fesa musu ruwa. Sun shafe katakon da wani fenti mai ƙyalli kamar na teburin ofis, a kan man kaɗanyar duka.

Mijinyawa ya zaga shi sau ɗaya. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne kamar yadda ya yi a yashi tun farko. Sai ya durƙusa da shaddarsa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya leƙa ƙasan. Ni ma na duƙa. Sun bi gindin jirgin da injin huji, layi biyu, daga goshi har ƙarshe, kowane huji yatsa zai shiga. Baƙin ruwa yana ɗigowa ta kowanne.

Ban san yana da auduga a aljihu ba sai da na ga ya ciro. Ya murza ta a tafin hannu, ya cusa a huji na farko, ya danna da babban yatsa. Ya murza wata.

Mai gadi ya taho da gudu yana hura usur. Da ya ji ina cewa "Mai Jirgi, tashi," sai ya sauke usur ɗin ya yi mana Hausa. Ɗan Zangon Kumasi ne, Sadick aka rubuta a ƙirjinsa. Ya ce, "Papa, don Allah, don Annabi, kyamara tana kallonmu. Hujin nan da gangan aka yi, don ruwa ya fita. In ka toshe furen zai ruɓe, ni za a kora."

Mijinyawa ya ɗago ya dube shi. Ya dubi audugar da ke hannunsa. Sai ya sa farce ya zaro wadda ya cusa, ruwan ya ci gaba da ɗiga. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Ba zan jawo maka ba."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwoyinsa, shaddar ta riga ta ɓaci da laka. Ya ciro wayarsa ya miƙo mini.

Ya ce, "Salla ta zo, Mero tana jiran hoto. Ki duƙa sosai, Hajiya. Ki ɗauko ni da goshin kawai, kada furen ya fito."

Na ce, "Ba ka gaya mata ba?"

Ya je ya tsaya, ya ɗora hannunsa daidai inda tsoho ya ɗora nasa, ya gyara hula. Sadick ya juya mana baya, ya je ya kashe bututun ruwan.

Na durƙusa a cikin lakar nan da girmana da komai. Sau uku ina ɗauka fure yana leƙowa ta bayan kafaɗarsa. A na huɗu na kusa kwanciya a ƙasa, sannan ya fita yadda yake so, daga ƙugu zuwa sama, shi da katako da sararin sama. Ni takaici ya ishe ni, shi kuwa yana ce mini in jira ya yi murmushi tukuna.

Ni na kai aka wanke hoton a Al Sabkha, ni na sa shi a ambulan na ba wani mai tafiya Yamai. Bayan Salla Mero ta bugo waya ta ce hoton ya iso, jirgin ya ƙara kyau, wane irin mai yake shafa masa yanzu.